KULA DA LAFIYAR UWAYENMU MATA BAYAN YANKEWAR AL'ADA: NAUYIN DA KE WUYAN 'YAN ƘASA MAZAUNA BIRANE

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya)

  



GABATARWA

Batun da shugabanni suka ɗora mana bana batu ne da ba a saba jin sa daga bakin namiji ba, balle a bainar jama'a. Saboda haka tun da farko muna neman afuwar uwayenmu da malamanmu idan wata kalma ta yi nauyi a kunne. Hujjarmu ita ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma addininmu bai mayar da tambaya a kan haila da biƙi abin kunya ba. Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure ya san babin haila yana cikin babukan farko da ake biya wa ɗalibi, tun kafin a kai ga zakka da hajji.

Idan muka lura da kyau, za mu ga asibitin karkara ya san mace ne a lokuta uku: ranar awon ciki, ranar haihuwa, da ranar da ta kawo jariri rigakafi. Wannan kulawa ta dace, domin ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a shekarar 2023 kaɗai Najeriya ta rasa mata kimanin 75,000 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in abin da duniya ta rasa gaba ɗaya. To amma daga ranar da mace ta yaye autanta, sai a naɗe katinta a jefa ƙasan adaka. Babu ranar da aka ware mata a asibiti, babu mai zuwa gida ya tambayi jikinta, alhali kuwa tana iya ƙara shekara 20 ko 30 a duniya, tana renon jikoki, tana sussuka da surfe, tana riƙe da gida. Ita ce uwar da ta haife mu, ita ce kuma uwargidan da muka manyanta tare. Wannan baiwar Allah tana bukatar ma'aikaciyar jinya mace, mai ilimi, kusa da ƙofar gidanta, kuma samar da wannan ma'aikaciya nauyi ne da ya rataya a wuyanmu, mu da muka yi boko muka zauna birni.

MENE NE YANKEWAR AL'ADA?

Allah Ya halicci mace da ma'ajiyar ƙwai guda biyu a gefen mahaifa. Ban da ƙwan da suke saki wata-wata, suna samar da sinadaran da ke tafiyar da al'ada, babba daga cikinsu shi ne wanda likitoci ke kira isturojin. Ƙwan nan ƙidayayye ne tun ranar da aka haifi mace. Yayin da ya kusa ƙarewa sai sinadarin ya ragu, al'ada ta fara rikicewa, yau ta zo da wuri, gobe ta yi jinkiri, wani lokaci ta tsallake wata biyu ko uku, har ta ɗauke ɗungurungum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ga yawancin mata hakan na faruwa tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a tabbatar da yankewar sai mace ta cika wata 12 a jere ba ta ga jini ba, ba tare da ciki ko wata cuta ko wani magani ya jawo hakan ba. Wadda tata ta ɗauke kafin shekara 40 kuwa, lallai ta ga likita.

Wannan ba cuta ba ce, zango ne na rayuwa kamar balaga. Sai dai zango ne mai wahalarwa ga mata da yawa, domin sinadarin da ya ragu yana da hannu wajen daidaita zafin jiki, da ƙarfin ƙashi, da lafiyar jijiyoyin jini, da laushin fatar gaba da mafitsara. Shi ya sa mace kan ji wani zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa wuya da fuska farat ɗaya, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, bayan 'yan mintoci ya lafa. Da dare ta farka ta tarar zane ya jiƙe sharkaf ko da a tsakiyar hunturu ne. Barci ya ƙaurace, gaɓoɓi su yi tsami, mantuwa ta yawaita, ƙaramin abu ya ɓata mata rai. Bushewar gaba kan mayar da mu'amalar aure azaba, fitsari kuma ya riƙa matsa ta akai-akai. Wata takan ƙetare zangon ba ta ji komai ba, wata kuwa ta shekara bakwai ko fiye tana fama. A tuna da zafin bazarar ƙasarmu a watan Afrilu, cikin ɗakin kwano babu lantarki, sannan a auna halin da take ciki.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci matan da suka yanke tsammani daga haila a cikin Suratuɗ Ɗalaƙ, ya kuma bayyana hukuncin iddarsu. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi bayani cewa jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 zuwa 70, a koma ga mata masana a tambaye su ko haila ne, wanda ya zo bayan 70 kuwa ba haila ba ne. A dubi hikimar da ke nan. Malaman fiƙihu da kansu sun miƙa al'amarin ga mata masu sani, kuma a zamaninmu mace mai sani a wannan fage ita ce ungozoma da ma'aikaciyar jinya da suka yi karatun abin.

YADDA AKE FASSARA SHI A GIDA

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Idan zafin nan ya taso wa uwa a Kwargaba ko Rara ko Shinaka, abu na farko da ake cewa shi ne zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Sai a aika yaro wurin mai kemis, a sha ƙwaya, a yi allura, bayan sati a sake, ba tare da an auna jini ba. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a ce iska ce, ko jifa, ko sammun kishiya, daga nan zumunci ya ɓaci a kan abin da babu hannun kowa a ciki.

Akwai kuma maganar kwantaccen ciki. Mace mai shekara 47 ta ga al'ada ta ɗauke wata huɗu, sai ta ɗauka ciki ne ya kwanta, ta shiga neman maganin tayar da shi, shekara ta zagayo tana jiran haihuwar da ba ta zuwa. Gwajin fitsari na 'yan mintoci ya isa ya raba gardama. Haka nan akasin wannan na faruwa, mace ta ɗauka ta gama haihuwa alhali da saura, sai ga ciki a shekarun da haɗarinsa ya fi yawa, ga hawan jini, ga ƙarancin jini.

Mu maza kuma muna da namu kason. Maigida ya ga uwargida ta zama mai saurin fushi, tana gudun shimfiɗa, sai ya fassara shi da raini ko tsufan zuciya, ya juya mata baya a daidai lokacin da ta fi bukatar lallashi. Ita kuwa domin ta tsare ɗakinta sai ta koma ga haɗe-haɗen kayan mata da matsi waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba, su ƙone fatar da dama ta yi rauni. A wasu wuraren har yanzu akan kai ga yankan gishiri, wanda likitoci suka tabbatar yana cikin abubuwan da ke haddasa yoyon fitsari. Mafi muni shi ne tsohuwar da rashin barci da damuwa suka sa tana surutai, maimakon a yi mata magani sai a laƙa mata maita.

Ya ku 'yan uwa mazauna birni, a nan ne maganar ta iso gare mu. Mukan buga waya mu ce, "Inna, yaya jiki?" ta amsa, "Lafiya lau, sai godiya." Mu tura kuɗi, mu ɗauka mun sauke nauyi. Uwar da kunya ta hana ta kiran sunan ɗan farinta, yaya za a yi ta buɗe baki ta gaya masa tana ganin jini? Haka ba za ta gaya wa malamin asibiti namiji sa'an ɗanta ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Haɗarin da ke cikin wannan shiru shi ne, manyan cututtuka kan ɓuya a bayan canjin shekaru. Muna roƙon kowa ya riƙe waɗannan alamomi, ya kuma isar da su gida ta bakin matarsa ko 'yar uwarsa:

1. Jini bayan yankewar al'ada. Duk jinin da ya fito bayan mace ta cika shekara guda ba ta gani ba, ko ɗigo ɗaya ne, ba dawowar ƙuruciya ba ce. Mafi yawansa ba ciwon daji ba ne, amma kimanin mace 1 cikin 10 masu wannan alama akan same su da sankarar mahaifa, wadda ake warkewa daga gare ta idan an tare ta da wuri.

2. Jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin maganin sanyi. Wannan na iya zama sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 an samu mata kimanin 12,000 da suka kamu da ita a Najeriya, 8,000 kuma suka rasu.

3. Ƙullutu a nono ko hammata, ko da ba ya ciwo, da fitar jini daga kan nono. Kada a tsaya shafe-shafe ko a kai wa wanzami ya tsaga.

4. Kumburin ciki da saurin ƙoshi da rama. Ƙarin mahaifa da mata da yawa ke fama da shi yakan motse ne bayan yankewar al'ada, saboda haka cikin da ke girma a wannan lokaci yana bukatar hoto.

5. Zubar jini mai yawa da gudaji a shekarun rikicewar al'ada, har tafin hannu ya yi fari, mace ta riƙa haki da jiri.

6. Saukowar mahaifa da yoyon fitsari. Uwar da ta haihu takwas ko goma, ta yi doguwar naƙuda a ɗaka, ta koma ga turmi da tulu, jijiyoyin ƙugunta kan saki. Akwai matan da suka shekara 20 suna ƙunzugu a ɓoye, sun daina zuwa biki da suna, alhali abin yana da magani.

7. Hawan jini da ciwon suga. Waɗannan ba su yin sallama, sau da yawa sai shanyewar ɓarin jiki ce ke ba da labarinsu. Haka nan raunin ƙashi, wanda ke sa ƙaramin santsi a makewayi ya karya ƙugu, tsohuwa ta kwanta kwanciyar da ba ta tashi.

AIKIN MA'AIKACIYAR JINYA

Mutane da yawa sun ɗauka aikin nas bai wuce allura da ɗaurin ruwa ba. A wannan fage aikinta na farko shi ne saurare. Ta keɓe da uwa a ɗaki mai labule, ta gaishe ta da ladabin 'ya ga uwarta, ta yi mata tambaya da harshen da take ji. Sau da yawa jin cewa wannan zafi yana da suna, kuma mata a ko'ina cikin duniya suna jin irinsa, shi kaɗai yakan sauke rabin nauyin da ke zuciya.

Na biyu, ta auna. Awon hawan jini, da suga, da yawan jini, da nauyin jiki, da gwajin ciki, da duba nono, duk ba su bukatar babban asibiti. Har binciken bakin mahaifa ana horar da ungozoma ta yi shi da ruwan tsami irin na khal da fitila mai haske, ta gano tabon da zai iya rikiɗewa ya zama sankara shekaru kafin ya zama.

Na uku, ta karantar. Abincin da ƙashi ke bukata yana nan cikin fadamunmu da rugagenmu: nono da kindirmo, zogale, kuka, riɗi, wake, rama, da ƙananan kifin Gulbin Rima da madatsar Goronyo waɗanda ake ci har da ƙaya. Ta nuna amfanin shan hantsi a tsakar gida da yawan motsa jiki, da rage gishiri da ɗunƙulen miya da kanwa, da barin goro da shayi mai kauri da dare, da sanya tufafin auduga marasa nauyi. Ta koya wa mace yadda ake matse jijiyoyin ƙugu domin riƙe fitsari, ta kuma nuna mata man shafawa na asibiti mai maganin bushewar gaba.

Na huɗu, ta san iyakarta, ta tura gaba a kan lokaci. Akwai maganin mayar da sinadarin da ya ragu, kuma yana kwantar da zafi da gumin dare ƙwarai, amma likita ne ke rubuta shi bayan bincike, domin bai dace da wadda ta taɓa yin sankarar nono ko daskarewar jini a jijiya ba. Kada wani ya saye shi a birni ya aika gida a matsayin tsaraba. Ga saukowar mahaifa akwai zoben roba da ake sakawa ya tallafe ta, akwai kuma tiyata. Ga yoyon fitsari akwai cibiya a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha da ke Sakkwato, da babbar cibiyar ƙasa ta Babbar Ruga a Katsina, kuma a 2024 Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin yi wa masu wannan lalura aiki kyauta. Ga ciwon daji kuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen kula da shi.

Na biyar, ta bi sawu. Maganin hawan jini ba a barin sa don an ji sauƙi, kuma wadda aka yi wa aiki tana bukatar mai leƙa ta. Wannan bibiya sai wadda ke kwana a cikin gari.

HALIN DA YANKINMU KE CIKI

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai 1 cikin 10 ba. Idan mai naƙuda ba ta isa asibiti ba, ina ga wadda ciwonta ba ya ihu? Muna da manyan asibitoci a Wurno da Rabah da Goronyo, da ƙananan ɗakunan shan magani a gundumomi, amma gini ba ya duba maras lafiya. Ma'aikatan jinya mata sun fi taruwa a babban birnin jiha, wasu kuma sun ƙetare teku. A 2024 magatakardar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Ƙasa na lokacin, Dokta Faruk Umar Abubakar, ya bayyana cewa kimanin ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. A 2025 gwamnatin jiharmu ta sanar da tsarin tura ma'aikatan lafiya aikin karkara na shekara biyu. Mataki ne abin yabo, sai dai baƙo raɓa ne, shekara biyu kamar gobe ce.

Ga kuma rashin tsaro. Ba mu manta da harin Tabanni na 2018 ba, wanda ya cika Gandi da 'yan gudun hijira, ko na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. A sansanin gudun hijira tsofaffin mata ne ke riƙe da marayu, su ne kuma na ƙarshe da ake tambaya lafiyarsu. Ma'aikaciyar da aka turo daga nesa takan nemi canjin wuri da zarar ta ji ƙarar bindiga, kuma ba mu ga laifinta ba. Taimakon ƙasashen waje shi ma ba abin jingina ba ne. Jiharmu ta amfana da shirin raba maganin tsayar da jini bayan haihuwa da na wanke cibiya da aka fara a 2013 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, amma a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe wannan hukuma. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

DARASI DAGA TARIHINMU

Abin da muke kira gare shi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa kuma aka rufe shi a nan a 1837, duk da nauyin mulki da yaƙi ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Shugaban da ya zauna ya yi rubutu a kan basur ya koya mana cewa babu ciwon da ya fi ƙarfin a ambace shi.

'Yar uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Jajin da take naɗawa, ta ɗora mata malfa da jan rawani, dattijuwa ce. Ayarin da ke tasowa daga ƙauyuka a ƙasa zuwa wurinta domin ɗaukar karatu, matan da suka gama haihuwa ne tare da 'yan mata ƙanana, su kuma su koma su karantar da matan aure a cikin gidaje, su taimaki marasa lafiya da gajiyayyu. Ashe ke nan magabatanmu sun ɗauki macen da ta gama haihuwa a matsayin wadda lokacin aikinta ga jama'a ya zo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga masu ƙyamar 'ya'yansu mata su yi aikin jinya kuwa, muna tunatar da su sahabiya Rufaida Al-Aslamiyya (RA), wadda ta kafa tantinta a Madina tana jinyar masu rauni, kuma a tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) bayan yaƙin Handaƙ. Ba ya kyautuwa mu ce sai mace za ta duba matanmu, sannan mu hana ɗiyanmu karatun da zai kai su ga haka.

SHAWARWARI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna gabatar wa wannan taro shawarwari bakwai:

1. Ƙungiya ta buɗe asusun karatun jinya da ungozoma, ta ɗauki nauyin aƙalla yarinya ɗaya daga kowace gunduma, bisa yarjejeniyar za ta dawo ta yi wa garinsu aiki. Akwai kwalejin koyon aikin jinya a Sakkwato, da ta fasahar lafiya a Gwadabawa, akwai kuma kwas na ungozomar karkara na shekara biyu da aka tsara domin irin wannan bukata. Ɗiyar Achida ko Gandi ko Takakume, wadda uwayenta da mijinta ke garin, ba ta neman canjin wuri.

2. A gyara tushe. Ba a shiga makarantar jinya sai da kyakkyawan sakamako a darussa biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Mu da muka ƙare ƙuruciyarmu da alli a hannu mun ga yara mata masu kaifin basira da aka cire daga aji biyar ko shida, waɗanda da an bar su da yau su ne ke riƙe da asibitocin nan. Ƙungiya ta biya malaman kimiyya na wucin gadi a makarantun 'yan mata, ta biya kuɗin jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. A nemi hukumomin lafiya na ƙananan hukumomin nan uku su ware rana ɗaya a wata ta zama ranar uwaye a kowane asibiti, mu kuma mu sayi na'urar awon hawan jini da ta suga da labule da gadon dubawa. Kuɗinsu bai kai abin da ɗayanmu ke kashewa a bikin ɗiya guda ba.

4. 'Ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya mata da ke birane su riƙa ba gida kwana biyu a lokacin hutun Sallah, ko a ranar 18 ga Oktoba da aka keɓe a duniya domin wayar da kai a kan yankewar al'ada.

5. Kowane ɗayanmu ya yi wa mahaifiyarsa da gwaggonninsa rajista a tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, ya kuma kai su awo sau ɗaya a shekara tare da rakiyar mace amintacciya, tun ciwo bai kwantar da su ba.

6. A kai yara mata rigakafin sankarar bakin mahaifa. Najeriya ta fara bayar da shi kyauta a watan Oktoba na 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma zuwa 2024 ya kai dukkan jihohi. Rigakafi ya fi magani, kuma abin da aka yi wa jika yau shi ne zai tsare ta ranar da ta zama kaka.

7. Malamanmu su shigar da wannan batu cikin wa'azi da darussan Islamiyyar matan aure, uwayen ƙasa kuma su tsawatar a kan yankan gishiri da jifan tsofaffi da maita. Magidanta su yi haƙuri da tausasawa, su tuna shekarun da aka yi ana haƙuri da su.

KAMMALAWA

Jama'a, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gidan nan kuwa ba katangar da muka yi wa siminti ba ce, tsohuwar da ke zaune a cikinsa ita ce gidan. Ta ɗauki cikinmu wata tara, ta shayar da mu, ta sayar da akuya da ƙuli-ƙuli domin mu zauna a aji. Muna roƙon kada a tashi daga wannan taro sai an naɗa kwamitin da zai ɗauki waɗannan shawarwari, a sanya mata a cikinsa, a kuma ba shi wa'adin kawo rahoto a taron baɗi, idan Allah Ya kai mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan uwayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye, Ya dawo da zaman lafiya a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo da Najeriya baki ɗaya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.